Kilo Ashirin da Uku

Saura kwana tara.
Na aro sikelin Inna Diep mai abarba a bakin kogi,
wanda duk kasuwa ta san yana ƙara rabin kilo,
na ɗora akwatina a kai.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya a talatin da ɗaya.
Jirgi kuwa ashirin da uku ya yanka,
kuma shi ba a taya masa.

To, me zan fitar?
Mama ta cusa busasshen kifi har cikin safa,
ta naɗe kwalbar romo da tsohuwar rigar makarantata,
ga 'yar tukunyar shinkafa mai lotsattsen murfi.
Na ce, Mama, a Oulu ma ana sayar da tukunya.
Ta ce, ana sayar da wadda ta san hannuna?
Na yi shiru.
Na fitar da takalmi da littattafai uku.

Ban taɓa ganin ƙanƙara ta sauko daga sama ba.
Tamu a kan babur take zuwa,
tana zubar da hawaye tun daga Can Tho.
Shi ya sa jiya na saka kwat ɗin da na saya a gwanjo,
na roƙi Kawu Phuoc ya kulle ni
a ɗakin sanyin da yake ajiye jatan lande.
Haƙorana suka kama kiɗa babu makaɗi.
Da ya buɗe ƙofa, dariya har da riƙe ciki:
shekara biyu fa za ki yi, Thuc,
ba minti shida ba.

An ce can, in sanyi ya kankama,
rana leƙowa kawai take,
kamar maƙwabciyar da ta zo ɗiban wuta.
An ce mutanen ba su cika magana ba.
Ni da aka haifa a tsakiyar ciniki,
wa zan yi wa surutu?
Kalma ɗaya na riƙe daga harshensu, ta godiya,
ina juya ta a baki kamar alewa
don kada ta narke kafin in sauka.

Ƙanena Khiem ya riga ya auna gadona da ido.
Kekena ma ya ɗaga masa sirdi
ina tsaye, ko kunya.

Da dare ɗoki da tsoro
kan kwanta a tabarma ɗaya cikin ƙirjina,
kowa na jan mayafi.
Nakan ji injinan kwale-kwale tun kafin asuba,
in ce wa kunnena: ɗebi da yawa,
wannan ba ya hawa sikeli.

Baba bai ce uffan ba tun da takardar ta iso,
sai kwance injin da lafiyarsa ƙalau, ya sake ɗaurawa.
Shi ne bara ya ɗanɗani ruwan gonarmu, ya tofar,
ya ce gishiri ya biyo kogi ya same mu har gida.
Abin da ya tura ni karatun ruwa ke nan.
Na rasa bakin gaya masa
cewa inda za ni, ruwan daskarewa yake,
har a taka shi da takalmi.

Yau da yamma allura ta tsaya cif a ashirin da uku.
Mama ta share gumi, na yi ajiyar zuciya.
Sai ga Baba, hannu duk baƙin mai,
da wani littafi da damina ta sha lasa,
inda yake rubuta hawan kogi da saukarsa
shekara goma sha ɗaya, da fensir.
Na ce, Baba, babu wuri.
Ya dubi sikelin, ya dube ni.
Na Diep ne, in ji shi.
Akwai rabin kilo a ciki.